Wa Ya San Inda Baba Dalili Yake?

Ya fito! Jama'a, wallahi sakamako ya fito! Jiya da hantsi ina tsugune ina wanke-wanke sai ga kiran Abban yarinya, na ɗauka da hannun kumfa har wayar ta kusa faɗawa baho. Ko sallama bai yi ba, sai ji na yi ya ce, "Na ci. Har da daraja." Na kurma ihu, yarinya ta farka ta taya ni da nata kukan, maƙwabciyata ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wa ya mutu. Na ce babu wanda ya mutu, mijina ne ya zama mai digiri!

Shekara biyar fa. Shekara biyar yana aikin gini yana zuwa jami'a. Digirin kula da aikin gini ne, wato yadda ake tsara aiki tun daga haƙa rami har a miƙa wa mai gida makulli: wa zai yi me, yaushe, da wane kaya. Ni ma a bakinsa na iya wannan bayanin.

Amma ba fariya ce ta zaunar da ni rubutun nan ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na sakandare na tsaya. Mutum nake nema. Saura sati uku a yi bikin ba da takardu, an ba kowane ɗalibi katin baƙi biyu. Ɗaya nawa ne. Ɗayan kuwa surukata da bakinta ta ce ƙafarta ba za ta iya zaman ba, a kai wa Baba Dalili, don ya fi kowa cancanta. To, ga kati a hannunmu, Baba Dalili ne babu. Wata huɗu ke nan rabonmu da shi, lambarsa kullum a kashe. Bai ma san yaronsa ya gama ba.

Bari in faɗa muku ko wane ne, wataƙila wani ya gane shi.

Fomen ne, shugaban ma'aikata a wurin gini. Dogo ne siriri, gemunsa ya yi fari, yana ɗan jan ƙafar hagu. Shekara arba'in da wani abu yana wannan aikin. Ƙarfe shida da rabi na safe ya iso a kekensa, ya jingine shi a jikin sito, kafin kowa ya zo. Ba ya fara komai sai ya ja tiyo ya shayar da kankaren da aka zuba jiya, da hannunsa, ba ya ba wa kowa wannan aikin. Daga nan ya bi gini yana shafa bango kamar mai duba marar lafiya. Ya girgiza katakon da magina ke hawa, ya taka shi da ƙafa. Ya leƙa rodi ya ga ko an ɗaure. Sai ya gama duk wannan zai zauna a kan bulo ya sha shayinsa, shi ma rabi, don kafin ya shanye wani ya kira shi.

In ma'aikata sun taru, sai ya tsayar da su a inuwar sito na minti biyar. A nan sunan ya samo asali. Shi ba ya cewa "yi kaza" ya wuce. Sai ya ce, "Yi kaza, ga dalili." Ko lebura ne ya zo yau, sai ya gaya masa abin da ya sa ake tankaɗe yashin filasta, abin da ya sa ba a jibga buhun siminti a ƙasa. Leburori har tsokanarsa suke yi. Wani ya ce, "Baba zan je fitsari, in kawo dalili?" Shi kuma ya ce, "Kawo mana, in ya gamsar da ni ka je."

Matar da ke sayar da abinci a bakin get ta ba ni labarin abin da ta gani da idonta. An shirya zuba dakin, wato rufin kankare, a wani bene, injin kwaɓa kankare ya zo, leburori sun fi talatin, mai ginin ya iso da babbar mota da abokansa su yi kallo. An kwana ana ruwa. Baba ya zaga ƙarƙashin katakon ya fito ya ce yau ba za a zuba ba. Mai ginin ya hau faɗa, wai shi wa ye, takardar me gare shi, ai injiniya ya sa hannu tun shekaranjiya. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki guntun rodi ya ce, "Ranka ya daɗe, zo ka ga dalili." Ya kai shi gindin sandunan da suka tokare katakon, ya soka rodin a ƙasa da hannu ɗaya, rodin ya shige har kusan gwiwar hannunsa. Ya ce, "Shekaranjiya ƙasa ce. Yau kunu ce. In muka ɗora mata nauyi, yaran nan ne a ƙasa, ba ni da kai ba." Ta ce mai ginin ya tsaya yana kallon takalminsa da ya nutse, ya juya ya shiga mota. Ba wanda ya ce wa Baba sannu. Washegari aka ci gaba da aiki kamar ba a yi ba.

A hannun wannan mutumin mijina ya tashi. Lokacin bai aure ni ba, kwanon kankare yake ɗauka. In an tafi cin abinci sai ya raɓe da wani tsohon littafin lissafi da bangonsa ya yage, abokan aiki suna ce masa Furofesa. Baba ya lura. Ya fara ba shi tef ɗin awo ya riƙe, ya sa shi rubuta kayan da tifa ta sauke, ya koya masa karanta zanen gini. Wata rana ya kira shi ya ce, "Furofesa, ni hannuna ya san aikin nan, amma in na yi magana sai a tambaye ni takarda. Kai je ka samo takardar. In ka dawo ka yi magana a madadinmu."

Da ya samu shiga jami'a, karatun Juma'a da Asabar ne. Baba ne ya je ya roƙi masu kamfani a riƙa sakinsa, ya ce shi zai riƙe aikinsa na kwana biyun. Kuma ya riƙe, shekara biyar, da wannan ƙafar tasa. Ran Litinin kuwa tun kafin mijina ya ajiye jaka zai tare shi: "To, me suka ce a makaranta?" Ya zauna ya saurara kamar ɗalibi. Wani lokaci ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe abin yana da suna." Wani lokaci ya ce, "Wannan malamin naku ya taɓa tsayuwa a rana kuwa?" Abban yarinya ya ce min in Baba ya karɓi littafinsa, sai ya goge hannu a riga tukuna, ya riƙa buɗe shafi a hankali yana kallon zane-zanen. Ba ya iya karanta Turancin sosai. Ya kan daɗe yana kallo kafin ya miƙo.

Yanzu ga inda ni na shigo, kuma kunya ce, amma zan faɗa.

A shekarar ƙarshe akwai wani babban aikin bincike da kowane ɗalibi zai rubuta, furojet suke ce masa. In babu shi babu digiri. Na mijina a kan yadda ake kula da kankare ne a ƙananan wuraren gini. Sai da suka zuba wasu ƙananan bulo na kankare guda goma sha takwas, masu kusurwa huɗu, kowane kamar kan yaro amma nauyi kamar me. Za a kai su makaranta a sa a wani inji ya matse su har su fashe, a ga ƙarfinsu. Tankin makaranta ya cika da na sauran ɗalibai, wurin aiki kuma leburori ba za su bar ruwa ya zauna ba. Sai aka kawo su gidanmu, aka jera a cikin rabin duro a bayan ɗaki, aka cika da ruwa. Abban yarinya yana sauri zai koma makaranta, don a zangon ƙarshe can yake kwana wajen abokinsa. Abin da ya ce min kawai, "Kar a taɓa min waɗannan." Ya tafi.

Lokacin yarinyata tana da sati bakwai. Kwana biyu da tafiyarsa famfo ya ɗauke. Ga wanki ya taru, ga banɗaki, ga ɗaki na son guga. Na kalli duron nan cike da ruwa, duwatsu suna kwance a ciki suna hutawa, ni ina fama. Na ce a raina, ai duwatsun ya ce kar a taɓa, kuma me ruwa zai ƙara wa dutse? Na kwashe ruwan tas. Da mai ruwa ya zo ina neman inda zan zuba mai kyau, sai na fito da duwatsun ma, a hankali don kar su fashe, na jera su a rana su bushe da kyau. Wallahi har daɗi na ji, na ce zai dawo ya tarar na busar masa da su. Ɗaya na tokare ƙofa da shi. Biyu na ɗora katako na samu wurin zama.

Kwana biyar suna rana. Ran Laraba da la'asar sai ga Baba ya biyo daga aiki ya duba su. Ya yi sallama, ya jingine keke, ya ga ɗaya a bakin ƙofa. Ya tsaya. Ya zaga baya ya ga sauran. Na ga ya cire hularsa ya shafa kai.

Abin da ya fara tambayata shi ne, "'Yata, ruwan da kika kwashe, kin taɓa jikin jaririyar da shi?"

Na ce a'a, ƙasa na goge da banɗaki, don na ga yana cin hannu.

Ya ce, "Alhamdulillahi. To sauran mai sauƙi ne."

Sai ya gaya min abin da na yi. Ashe kwana ashirin da takwas za su yi a cikin ruwa ba a fito da su ba. Ashe saura kwana talatin da uku a rufe karɓar furojet. Na fashe da kuka na ce, "Baba mu mayar da su ruwa mana, wa zai sani?"

Ya ce, "Injin zai sani. In ma injin bai sani ba, yaron nan zai fara aikinsa da rubuta ƙarya a kan kankare. Wanda ya fara da haka, wata rana bene zai rubuta wa ƙarya, mutane na ƙarƙashi."

Shi ya kira mijina, ba ni na kira ba. Kafin magariba ya iso a guje, idonsa jawur. Ya kalli duwatsun, ya juyo kaina ya buɗe baki. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Dakata, Furofesa. Ka gaya mata amfanin ruwan?"

"Baba na ce kar a taɓa."

"Ba ita na tambaye ka ba. Ka gaya mata dalili?"

Ya mayar da ido kan duwatsun.

"Shekara biyar kana karatun kula da aiki, ka bar ma'aikaci da aiki ba ka gaya masa dalili ba, ka bar mai jego babu ruwa, sannan ka zo za ka yi faɗa? Da ni ke ba da maki, yau ka faɗi. Ba ta haƙuri."

Wallahi ya ba ni. A gaban Baba, yana sosa ƙeya. Ni dariya ta kama ni cikin kuka, yarinya ma ta saki gyatsa, Baba ya ce, "Kun ji, Injiniya ta sa hannu."

Washegari da sassafe suka zuba wasu sabbi, Baba da kansa ya auna yashi da tsakuwa, ya rubuta kwanan wata da ƙusa a kan kowane. Tsofaffin kuma ya hana a zubar. Ya ce wa mijina, "Ka kai su tare a fasa. Ka rubuta gaskiyar abin da ya same su. Ai abin da matarka ta yi shi ake yi kullum a rabin gine-ginen garin nan, a zuba a tafi a bar wa rana. Ga shi an yi maka shi a gida."

Baba, kai ne ka zaunar da ni a bakin duron nan ka koya min kamar ɗaliba. Ka ce siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha a hankali, in aka katse masa sai ya tashi rarrauna ko da a ido ya yi kyau. Ka ja layi da fenti a jikin duro ka ce, "Daga yau ke ce mai kula. In ruwa ya sauka ƙasa da nan ki ƙara." Tun da na bar makaranta ba wanda ya taɓa zama ya koya min wani abu ya jira in yi tambaya. Na yi maka tambaya ta fi goma, ka amsa duka, ka ce na fi wasu masu farar hular kwano son sani. Ban gaya maka ba, amma ranar da ka tafi na jawo littattafan Abban yarinya na buɗe, na daɗe ina kallo. Har yau ina kewar allo da alli.

Kai ne kullum da safe kafin ka wuce aiki kake biyowa, hanyar ma ba taka ba ce, ka leƙa duron ka ce, "Mai kula, yaya marasa lafiya?" In ce sun kwana lafiya. Ranar da famfo ya sake ɗaukewa, jarka biyu ka ɗauro a keke, ɗaya ta duwatsu ɗaya tawa. Kwana ashirin da takwas ba ka yi fashi ba, ni ma ban yi ba, kullum ina zana alama a kalanda.

Da aka kai su, nawa na rana tun injin bai gama matsawa ba suka wargaje. Sababbin kuwa sai da ya yi nishi. Mijina ya rubuta komai, ya miƙa saura kwana biyu a rufe. Malamin da ke duba masa ya ce wannan babin ya fi kowane a cikin aikin, ya tambaye shi wa ya ba shi dabarar. Ni yanzu in gardama ta haɗa mu sai in ce masa ya kiyaye ni, babi na huɗu nawa ne.

Sai dai mun yi sake, kuma shi ke cin raina. Ginin da suke yi ya ƙare daidai lokacin jarrabawar ƙarshe. Abban yarinya yana makaranta, ni ina asibiti da yarinya tana zazzaɓi. A satin Baba ya ajiye aiki, don likita ya ce ƙafar ba za ta ƙara ɗaukar hawa bene ba. Babu taro, babu jawabi. Mai abinci ta ce ya sha shayinsa, ya zaga ginin sau ɗaya, mijin 'yarsa ya zo da mota aka ɗora keken a baya. Ya ce mata zai koma wajen 'yar tasa a wani gari, ita kuma ba ta riƙe sunan garin ba. Ya ce, "Kar a dami Furofesa, yana jarrabawa." Mun je ɗakin da yake haya, wani ne a ciki. Mun je kamfani, lambar da ke kashe ita ce a takardarsu. Sai a lokacin muka gane shekara da shekaru muna cewa Baba, Baba, ba mu taɓa tambayarsa ina asalin garinsu yake ba.

Jiya bayan murna ta lafa, na ga Abban yarinya yana ta juya katin. Sai ya gaya min abin da bai taɓa gaya min ba. Ranar da suka kai duwatsun makaranta, Baba ya raka shi a motar kamfani. Mai gadi ya ce wanda ba shi da katin ɗalibi ko na ma'aikaci ba zai shiga ba. Baba bai yi gardama ba, ya ce ai mai gadin aikinsa yake yi, ya sauka ya zauna a bakin get awa uku. Da mijina ya fito ya tarar da shi a tsaye ya riƙe ƙarfen get, yana hangen wani babban ɗakin taro da ke can ciki. Ya nuna da baki ya ce, "Matakalar can ba ta tsage ba ko?" Mijina ya ce ko kaɗan. Ya ce, "Mu muka zuba ta, ina saurayi. Ni na yi mata ban ruwa. Ban taɓa ganin cikin ɗakin ba bayan an sa kujeru."

Baba, a wannan ɗakin za a yi bikin.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ƙafarka lafiya, ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka yadda ka ji ƙan 'ya'yan wasu. Ku kuma masu riƙe da mutane a ƙarƙashinku, a wurin gini ne ko a shago ko a cikin gida, ku yi koyi da shi. In kun sa mutum aiki ku gaya masa dalili. In kun ga yaro da littafi a lokacin cin abinci, kar ku tsaya a tsokana.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba. Ku tura wa magina da kafintoci da direbobin tifa, ku tura wa duk matar da babanta tsohon fomen ne ya dawo wajenta da keke wata huɗu da suka wuce. In an gan shi a yi min magana ta nan. In ba ya son waya, a karanta masa kawai, a ce Furofesa ya gama, ranar Asabar ta uku daga yau, ƙarfe goma na safe. Kar ya damu da ƙafar, mijina ya ce ko goya shi ne zai yi ya hau da shi. Mu dai za mu tsaya a bakin get da katin a hannu, ba za mu shiga ba sai mun ga sun fara rufe ƙofa.